Labarin Ruwan Sha Daga Ƙasar Bangaladash

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, don in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin ƙasar da na ke zaune yanzu, da wani ɗan aiki da na ke shirin yi a gidana. Ni malamin makaranta ne, na zo ƙarin karatu tare da iyalina, yau wata goma sha huɗu ke nan. An ce tafiya mabuɗin ilmi. To, ilmin da ya fi yi mini amfani tun zuwana, a bakin randa na same shi.

Sunan ƙasar Bangaladash, tana gabas da Indiya, ta sami mulkin kanta a 1971. Faɗinta bai wuce na Jihar Neja sau biyu ba, amma da aka yi ƙidaya a 2022 an sami mutum fiye da miliyan 165 a cikinta, tara daga cikin goma kuwa Musulmi ne. Rana ta kan riga fito mana da sa'a biyar, watau sa'ad da mu ke sallar Azahar, ku a gida hantsi bai gama ɗagawa ba. Garin da na ke shi ne Gazifur, kamar mil 20 arewa da Daka babban birni. Gari ne na masaƙu da ma'aikatun ɗinki. Da sassafe sai ka ga mata dubbai sun cika hanya, kowace da ɗan kwanon abincinta, za su wurin aiki, tufafin da su ke ɗinkawa kuwa har Turai da Amurka a ke kai su.

Abincinsu shinkafa ce, safe da rana da dare, da romon wani ɗan ƙaramin wake da su ke kira dal, da kifi. Maza su kan ɗaura zane su fita kasuwa ba mai kallonsu. Abin da goro ya ke a wurinmu, shi wani ganye da su ke kira fan ya ke a wurinsu, a tauna shi da ɗan farar ƙasa, baki ya yi ja. Abin hawan talaka keke ne mai ƙafa uku, sunansa rikisha, mutum ɗaya na tuƙi, biyu na zaune a baya. Harshensu ya ba ni dariya da fari, don mai tuƙa keken nan, ƙato da gemu, "mama" a ke kiransa, watau kawu. Dattijo kuwa "caca" a ke ce masa, watau baffa. Na daɗe bakina bai iya kiran mai gidan da na ke haya da wannan suna ba, amma yanzu na saba, shi kuma ya kan ce mini "ɗana".

Abin da ya fi kome ba Bahaushe mamaki a nan shi ne yawan ruwa. Manyan koguna uku ne suka haɗu a ƙasar kafin su faɗa teku, Fadma da Jamuna da Megna. Damina ta kan kama daga Yuni zuwa Oktoba, ruwan da a ke yi a Daka cikin shekara kuwa ya kai na Kano sau biyu. Kusan kowace unguwa da tafkinta. Da na iso na ga haka, sai na ce a raina, lalle mutanen nan sun huta da wahalar ruwa. Na tuna yadda mu ke sammako bakin rijiya da bazara, guga ya dawo da rabin laka. Ashe ban san dawan garin ba.

Ruwan gidanmu daga rijiyar burtsatse ya ke, inji ya ɗaga shi zuwa tanki a kan soro, ya sauko ta famfo. Idan ka tara shi sai ka gan shi garau kamar idon zakara. In ya kwana a bokiti kuwa, da safe sai ka tarar ya yi ja, har ya rina wa uwargida fararen tufafi. Muka ce ai launi ne kawai, mu kan tafasa na sha in mun tuna, in gas ya yi ƙasa mu sha haka nan. Ana nan, cikin watan Yuli, sai 'yarmu mai shekara uku ta kama amai da gudawa cikin dare. Kafin gari ya waye idonta ya faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Malam Edita, wanda bai taɓa riƙe ɗansa ba shi da lafiya a ƙasar da bai iya harshenta ba, bai san tsawon dare ba.

Matar mai gidanmu ce ta fara cetonmu. Ta aiki jikanta kanti ya sayo wani ɗan ƙunshin garin gishiri da sukari, ta dama a rabin litar tafasasshen ruwa, ta ce a riƙa ba yarinya cokali cokali har mu isa wurin likita. Allah ya sa kwana uku ta tashi. Daga baya na ji cewa wannan magani, da mu ma mu ke sha a gida, a nan Daka aka tabbatar da amfaninsa ga masu kwalara a 1968. Daga 1980 kuma ma'aikatan wata ƙungiya mai suna BRAC suka bi ƙauyuka gida gida suna koya wa mata haɗa shi: gishiri abin da yatsa uku suka ɗauka, mazarƙwaila cikin tafi ɗaya, ruwa rabin lita. Don haka da wuya ka sami tsohuwar da ba ta iya shi ba.

Likita ya ce mini in kula da ruwan sha. Na yi lissafi na ga in zan dogara ga ruwan sayarwa na manyan goruna, kuɗin da a ke aiko mini ba zai kai ƙarshen wata ba. Sai na tuna abin da mu ke koya wa yara a aji huɗu, na ce ai in sami tulu in huda gindinsa, in zuba tsakuwa da gawayi da yashi, magana ta ƙare. Na zana abin a takarda, na kai wa mai gidanmu don ya nuna mini inda a ke sayar da tuluna. Shi kuwa tsohon malamin makaranta ne, mutumin lardin Candifur, kudu da Daka. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, me ka ke so ka cire daga cikin ruwan?" Na ce, "Dauɗa mana, Caca." Ya ce, "Wace dauɗa? Ai dauɗar ruwa iri iri ce. Akwai wadda ido ke gani, akwai mai rai wadda ido ba ya gani, akwai kuma wadda ta narke a ciki kamar gishiri. Abin da ya kama wannan ba ya kama waccan." Sa'an nan ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini waɗansu baƙaƙen ɗigo masu tauri kamar kanta, ya ce in zauna ya ba ni labarinsu.

Ga labarin, na kuma bincika na tarar haka ya ke. A dā mutanen ƙasar ruwan tafki da na kogi su ke sha, kwalara da zawo suna ta kashe yara. Daga wajen 1970 gwamnati da ƙungiyoyin taimako suka dage da haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa, jama'a ma suka haƙa nasu, har suka kai miliyoyi. Kowa ya yi murna, don ruwan garau ya ke, ba wari, ba tsutsa. Sai a 1993 aka tabbatar cewa a cikin ruwan rijiyoyi da yawa akwai wata guba da a ke kira asanik. Ba wanda ya zuba ta, a cikin lakar da koguna suka tara a ƙarƙashin ƙasa ta ke. Ba ta da launi, ba ɗanɗano, ba wari. Mutum ya yi shekaru yana sha kafin ɗigon nan ya fito masa a hannu da ƙafa, a bayansa kuma ciwon daji na fata ko na huhu ko na mafitsara ya kan biyo. A shekarar 2000 wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗarinta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Da abin ya bayyana, sai aka bi rijiyoyi ana aunawa. Wadda asanik ɗinta ya wuce maikirogiram 50 a lita, a shafa wa bakinta jan fenti, wadda ba ta kai ba a shafa mata kore. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ma 10 ne kacal. Ku dubi ƙanƙantar abin da ke kashe mutum. Rijiyar gidan su Caca ja aka shafa mata, bayan sun yi shekara da shekaru suna sha, suna yabon sanyinta. Wannan shi ne kyan ɗan maciji. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne, tafasawa ba ta cire wannan guba, sai ma ta ƙara mata ƙarfi in ruwan ya ƙone, yashi da gawayi su kaɗai kuma ba abin dogara ba ne a kanta. Da a lardinsu na ke, da na haɗa tuluna na yi ta ba 'yata guba da hannuna, raina a kwance.

Amma mutanen ƙasar ba su naɗe hannu ba. Abin da ke kama asanik shi ne baƙin ƙarfe, gubar ta kan manne wa tsatsarsa. Sai suka jera tulu uku, wani bisa wani: na sama da garin ƙarfe da yashi mai kauri, na tsakiya da gawayi da yashi mai laushi, na ƙasa ya tari ruwan. Wani ɗan ƙasar, Farfesa Abul Husam, mutumin Kushtiya mai koyarwa a Amurka, ya gyara wannan dabara ya yi ta da bokiti biyu, ya sa mata suna Sono. A 2007 aka ba shi kyautar dala miliyan ɗaya a Amurka saboda ita. Rijiyoyi masu zurfi ƙwarai, waɗanda suka wuce mita 150, su ma galibinsu ba su da gubar.

Caca ya ƙara mini da wani labari na lardinsu. A wani yanki da a ke kira Matalab, masana ƙarƙashin wata Ba'amurkiya, Rita Kolwel, suka koya wa matan ƙauye 65 su riƙa ninka tsohon zanensu na auduga, wanda su ke kira sari, aƙalla riɓi huɗu, su ɗaura a bakin tulu kafin su ɗebi ruwan tafki. Da aka buga sakamakon a 2003, an ga kwalara ta ragu kusan da rabi a gidajen da suka yi haka. Dalili kuwa, ƙwayar kwalara ta kan manne wa waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa, in zane ya tare ƙwarin ya tare yawancin cutar. Tsohon zane ya fi sabo, don wanki ya sa zarensa ya buɗe ya toshe kafofin. Da tsohuwar zuma a ke magani. Da na ji haka sai na tuna ƙyallen tace ruwa da aka rarraba a ƙauyukanmu lokacin yaƙi da kurkunu, don dangin ƙwarin nan ne ke ɗauke da shi. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, na ƙarshe aka gani a 2008, a 2013 aka ba ƙasar shaidar rabuwa da shi. Ashe ɗan ƙyalle ba abin rainawa ba ne, muddin an san abin da a ke so ya tare.

To, sai na ajiye takardata, na bi shawarar dattijo, na kai ruwanmu wurin awo, kwalba ɗaya daga bakin rijiya, ɗaya daga famfon ɗakinmu. Aka ce ba asanik, don ƙasar Gazifur jan tudu ce, ba irin fadamar kudu ba. Jan da ruwan ke yi kuwa ƙarfe ne da ya narke a ciki, in ya sha iska sai ya yi tsatsa, ɓata tufafi da ɗanɗano ya fi yi. Amma a kwalba ta biyu an sami ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Da muka hau soro ni da Caca, muka tarar murfin tanki ya tsage, ga kashin hankaki a kai. Watau abin da na ke gani da ido, na ke ta tsoro, ba shi ya kwantar da 'yata ba. Ranar nan muka wanke tanki muka sake murfi.

Yanzu ga shirin da na tsayar. Da fari, ruwa zai kwana a buɗaɗɗiyar randa an rufe ta da ƙyalle, don ƙarfen ya kwanta, da safe a tsiyaye na sama. Na biyu, zai bi ta matatar yashi irin wadda wani injiniya, Debid Manz, ya tsara don gidaje a Kalgari ta ƙasar Kanada bayan 1990. Doguwar roba ce mai tsawon kamar ƙafa uku. A gindinta tsakuwa manya inci biyu, ƙanana inci biyu, sa'an nan yashi mai laushi wankakke kamar inci ashirin. Bututu ya kan taso daga gindin ya fito ta gefe, a ɗaga bakinsa yadda kullum ruwa inci biyu zai kwanta bisa yashin. A sama kuma a sa faranti mai ƙananan huji, don kada zubin ruwa ya tona yashi.

Asirin abin yana cikin ruwan nan inci biyu. A fuskar yashin waɗansu ƙananan halittu su kan yi shimfiɗa kamar gansakuka, su ne ke cinye yawancin ƙwayoyin cuta. Shimfiɗar ta kan ɗauki kamar kwana 30 kafin ta nuna, in ta bushe ta mutu, in an zuba mata ruwa mai maganin kulorin ta mutu. Don haka dole a riƙa zuba ruwa kowace rana, kada a bar ta fiye da kwana biyu. Kada wani ya raina yashi. A 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hambug na Jamus ta kashe mutum fiye da 8,000, alhali maƙwabcinsa Altona, da ke shan kogi ɗaya da shi, a ƙasa da shi ma, bai yi hasara kamarsa ba, don shi yana tace ruwansa da yashi. Duk da haka matatar gida ba ta kama kome da kome. Saboda haka mataki na uku, ruwan da za mu sha sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Na huɗu, a zuba shi a tulu mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa, kada a tsoma moɗa, don sau da yawa a cikin randa ruwa mai kyau ke lalacewa.

Na riga na sayi roba da bututu. Abin da ya rage shi ne yashi, don an gargaɗe ni kada in ɗebo na bakin kogi inda ƙazantar gari ke malala. Wani magini ya yi mini alkawarin mai kyau, ni da uwargida za mu tankaɗe shi da rariya, mu wanke. Maƙwabta har sun fara leƙowa suna tambaya ko baƙon nan gini zai yi a ɗaki. In wata ya cika zan sake kai ruwan wurin awo, don sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Malam Edita, dalilin wannan doguwar wasiƙa shi ne, an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ce akwai asanik a rijiyoyinmu ba. Amma ina tambayar masu karatu: a cikin rijiyoyin burtsatse da a ke ta haƙawa a garuruwanmu, wa ya taɓa ganin takardar awon wadda ya ke sha? Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu, da fari iyaye ba su san abin da ke ɗauke su ba. Iyayenmu mata sun san alif da ƙwayar zogale suna kwantar da laka, wannan kuwa ilmi ne mai kyau, amma kwanciyar laka ba ta nuna cuta ta tafi.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa auna kowace sabuwar rijiya kafin a buɗe ta, su kuma sanar da mai unguwa abin da suka gani. Ina roƙon 'yan'uwana malaman makaranta, in za mu koya wa yara tulun yashi da gawayi, mu gaya musu abin da ya ke cirewa da abin da ba ya cirewa, kada mu bar su da rabin ilmi kamar yadda na zo da shi nan. In akwai wanda ya taɓa haɗa irin wannan matata da randar ƙasa ta maginan tukwanenmu, don Allah ya rubuto wa jarida mu ƙaru, don ina so in na dawo in kafa ɗaya a makarantarmu. In Allah ya kai mu, zan aiko da labarin abin da awo na biyu ya nuna, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

A gai da dukan ma'aikatanka. Wassalam.

Ni ne naka,
Malamin Makaranta,
Gazifur, Bangaladash.